Rijiyar da Aka Hana Ni Buɗewa

A bakin kogin Gaya aka fara cutata. Gada a rufe take a lokacin, duk mai son ƙetarawa ƙasar Benin sai ya shiga kwale-kwale. Muna sauka daga mota wani mutum mai jar hula ya tare ni da Hausa irin tamu, ya ce shi ɗan Tasawa ne, har kasuwarmu ta Kanan-Bakashe yana ci. Na ji sanyi a raina kamar na ga ɗan ɗakinmu. Ya karɓi kuɗin jirgi, ya karɓi ƙaramar jakata, ya ce bari ya kama mini wuri. Ban sake ganinsa ba. A jakar nan akwai kilishi da ƙuli-ƙulin da innata ta yi mini guzuri, da sabon takalmin aiki mai ƙarfe a baki. Babbar jakar ta tsira ne don a kanta nake zaune.

Wata mata mai buhunan albasa ta dube ni ta ce, "Ki yi kukanki, ɗiyata, ki huta."

Na ce mata ba zan yi ba. Na sake biyan wani, na shiga jirgi da silifa a ƙafa, ruwa yana shigowa ta tsakanin katakai, matuƙi yana kwarfewa da rabin jarka. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce tabkin damina ba, na riƙe bakin jirgin har yatsuna suka sage, amma ban runtse ido ba.

Sunana Barira. Karatun ruwan ƙarƙashin ƙasa na yi a Maradi, na gama, na dawo gida na zauna ina taya innata surfe, mutanen gari suna tambayar babana ko ɗiyarsa ginin rijiya za ta yi. Sai wata da muka yi lakwal, wato makaranta, tare ta aiko mini cewa wani ƙaramin kamfani a Benin yana neman ma'aikaci mai jin Faransanci da Hausa. Abin da ya kawo ni bakin kogin ke nan.

Daga Malanbil, garin da ke ƙetaren kogin, zuwa Paraku a tsakanin buhunan gawayi na zauna. Ƙasa ta riƙa sauyawa, gero ya ɓace, itatuwa suka yi tsawo, kunyoyin doya suka cika gonaki. A kowane shinge sai an sauke mu ƴan Nijar an ware gefe. Wani jandarma ya juya katina ya ce, "Mace ita kaɗai? Wurin wa za ki?" Na ce wurin aikina. Ya yi dariya, ya kira abokinsa ya zo ya ji. Na tsaya ina kallonsa har dariyar ta ƙare masa, ya miƙo mini katin.

Garin da aka tura ni yana kudu da Paraku, a kan babbar hanyar da manyan motocin mai ke bi. Mai kamfanin, Mushe Anatol, mutum ne mai fara'a, mai ƙamshin turare. Ya karɓe ni hannu biyu. Ya ce in ba shi takardar shaidar karatuna ta asali, zai ajiye a biro, wato ofishinsa, don yin kwangila. Na ba shi, don ban san ana hana mutum abinsa ba. Ɗakin da ya yi mini alkawari kuwa ashe shagon ajiye kayan aiki ne, babu taga. Na kwana a tsakanin jarkoki, da safe na ɗauki jakata na shiga unguwa neman haya.

Wata tsohuwa, Mama Selestin, ita ta ba ni ɗaki a bayan gidanta. Ba ta jin Hausa, Faransancinta bai wuce gaisuwa ba. Da hannu muka yi ciniki. Ranar farko ta ga na shimfiɗa ɗankwali zan yi salla, ta shiga ɗaki ta fito da sabuwar tabarma ta ajiye mini, ta kori jikokinta daga gabana. Da ta lura ba na cin naman miyarta, ba ta ji haushi ba, ta koma sa mini kifi. Tuwon masararsu mai tsami ne, ya daɗe bai zauna mini a ciki ba. Abin da na fi kewa hura ce. Nakan tashi da ɗanɗanonta a bakina, in ga babu.

Aikin kansa ga yadda yake. Akwai wani depo, ma'ajiyar gazwal, man manyan motoci, a bakin gari, mai manyan tankuna binne a ƙasa. Daga gangarensa akwai zango, inda baƙi ƴan arewa suke zaune: masu shanu, masu shayi, da samari masu sayar da esans, wato fetur, a kwalabe, irin ruwa-ruwan da muka sani a gida. Ruwan rijiyoyin zangon ya fara warin mai. Hukuma ta tilasta wa mai depon ya ɗauko masu bincike, shi kuma ya ɗauko Mushe Anatol. An haƙa ƙananan rijiyoyin gwaji kewaye da wurin, bututu ne siriri da ya sauka har ruwa, da murfin ƙarfe da kwaɗo. Nawa shi ne in bi su ɗaya bayan ɗaya. In zura awo in ga zurfin ruwa. In zuƙe tsohon ruwan da ya kwanta a bututun in zubar a jarka, sai sabo ya taso. Sannan in zura guga, wani dogon kwaroron roba mai haske da ƙwallo a gindi, in ɗebo, in cika ƙananan kwalabe har baki, ba a barin ko ƙwayar iska a ciki. In sa a akwatin ƙanƙara, mota ta kai labo, ɗakin gwajin ruwa, a Kwatano. Kowace rijiya da sabuwar safar hannu da sabuwar guga, don kada dattin wata ya shiga wata.

Ina son aikin nan. Rana ta dake ni, sauro ya cinye mini ƙafafu, direban kamfani ya ƙi taya ni ɗaukar ko jarka ɗaya don a ganinsa ni ƴar aike ce, amma duk lokacin da na ɗaga kwalba ga hasken rana na ga babu kumfa, sai in ji karatuna bai tafi a banza ba.

Ranar da na fara shiga zango, ina tsugune bakin wata rijiya, na ji murya a bayana.

"Ke wacce, mi kike zubawa cikin ruwanmu?"

Na juyo da sauri, don Hausar gida ce tsantsa. Wata dattijuwa ce Bafillatana da ƙwarya a kai. Na ce, "Inna, ba zubawa nake ba, ɗiba nake." Ta tambaye ni ɗiyar ina ce. Da na ce Kanan-Bakashe sai ta sauke ƙwaryar, ta kama hannuna da safar da komai. Su mutanen Korgom ne. Sunanta Inna Dije, mijinta Arɗo Buba shi ne babban zangon. Fari ne ya koro su kudu da shanunsu shekarun baya, suka zauna. Ta ja ni har rumfarta, ta dama mini hura da nono. Geron daga gida ake aiko mata. Na kafa kai na sha, kuma kukan da na hana kaina a Gaya a cikin ƙwaryar nan na yi shi. Ta ƙara mini nono.

Da ruwan sayen famfo ta dama, don na rijiyarta ba ya shawuwa. Ta nuna mini jikarta, duk jikinta ƙuraje saboda wanka. Arɗo ya ce shanu sukan sunkuya bisa kwami su shinshina su ɗaga kai. Saniya biyu masu ciki da ƙishi ya tilasta wa sha sun yi ɓari.

"Cewa suke yaranmu ne masu kwalabe suka ɓata ruwa," in ji Arɗo. "Mai depo ya kai ƙara wurin magajin gari, wai a tashe mu. Ke da kika yi boko, gaya mini tsakaninki da Allah, mu ne?"

Na ce, "Baba, ban sani ba tukuna. In na sani zan faɗa maka, ko ya yi daɗi ko bai yi ba."

Awon zurfi ya nuna mini abu na farko: ruwan ƙasa daga wajen depo yake gangarowa zuwa zango, ba daga zango yake hawa ba. Na biyu kuma hancina ne ya fara gaya mini. Samarin zango esans suke sayarwa, warin da ke rijiyoyin kuwa na gazwal ne, mai nauyi, mai maƙale wa maƙogwaro. Sai rijiyar gwaji ta gindin katangar depo, a bakin hanya, daidai bayan tankuna. Da na zura guga a hankali na ɗago, sai ga mai kwance bisa ruwa, rawaya-rawaya, kaurinsa ya fi tafin hannuna. Na daɗe a tsugune ina kallonsa.

Na kai wa Mushe Anatol labari ina zaton zai yaba mini. Ya rufe ƙofar biro, ya ba ni lemo mai sanyi.

"Madmazel Barira, rijiyar nan ta lalace tun wajen haƙa. Abin da kika gani maiƙon injin haƙa ne. Ki bar ta. Kwalabenta ki cika su daga rijiyar da ke can sama da depo. Ki mai da hankali kan na zango, kusa da masu kwalabe."

Na ce maiƙon inji ba ya yin kaurin nan, kuma ruwan wata rijiya ba ya shiga kwalbar wata.

Ya yi murmushi. "Wa yake biyanmu? Kin sani. Ni ma na yi karatun nan, na fi ki sanin abin da ke ƙasan can. Amma ina da ma'aikata, suna da iyali. In na rasa wannan aiki, wa zai ba ni wani? Mutanen can baƙi ne, gobe su kaɗa shanunsu su wuce."

"Ni ma baƙuwa ce," na ce.

"Shi ya sa nake ba ki shawara."

Ya miƙo hannu ya ce in ba shi makullin rijiyar. Na ba shi, don nasa ne. Amma kwalaben na bar su wayam, na mayar da su akwati yadda suke. Da direba ya ga haka ya buga masa waya. Washegari na iske an cika su, an manna musu suna, an tura Kwatano ba da hannuna ba.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi wuya a tafiyar. Aka daina yi mini magana a biro. Albashi ya tsaya. Mushe Anatol ya aiko direba ya tuna mini cewa takardata tana hannunsa, kuma har yanzu ban da izinin aiki a ƙasar. Na kira gida, babana ya ɗauka daga gona, ina jin iska tana kaɗa gero a bayansa. Ban faɗa masa komai ba sai gaisuwa. Ya ce, "Muryarki ba daidai take ba. Ko dai ki taho gida?" Na ce sai na gama abin da ya kawo ni.

Na je na gaya wa Arɗo abin da na gani, a gaban samarin zango. Suka fara murna. Na ce su dakata. Na ce gazwal na depo ne, amma su ma esans ɗin da suke zubarwa a ƙasa wajen juye jarka, da wanke kwalabe a bakin rijiya, yana sauka, kuma na ji warinsa a rijiya guda. Wani daga cikinsu ya miƙe ya ce ashe ni ƴar leƙen asirin mai depo ce. Arɗo ya daka masa tsawa, amma daga ranar wasu suka daina amsa gaisuwata. Inna Dije kuwa da ta ji sunan maigidan nawa sai ta ce, "Mushe? To, wanda ya raɗa mashi suna ya san shi."

Aka sa ranar da hukuma za ta zo ta ga wurin da idonta kafin a yanke maganar tashin zango. Mushe Anatol ya ce in zauna a gida ranar. Na yi wanka, na sa rigar aikina, na ɗauki sabuwar guga a cikin ledarta da safar hannu. Mama Selestin ta ga fuskata, ta tsayar da ni a ƙofa, ta dafa kaina ta yi addu'a da yarenta, na ce amin.

Na iske su a bakin depo da hantsi: wakilin magajin gari, mai depon cikin farar riga, Mushe Anatol, da wata mata daga ma'aikatar muhalli, gajera mai tabarau, wadda kowa ke kira Madam. Mutanen zango sun tsaya nesa kaɗan. Mushe Anatol yana bayani da Faransanci mai daɗi, cewa sakamakon labo ya nuna kewayen depo tsaf yake, dattin a zango yake. Suka zo za su wuce rijiyar gindin katanga ba su tsaya ba.

Na ɗaga murya. "Madam, akwai rijiyar da ba a buɗe ba."

Kowa ya juyo. Mushe Anatol ya ce, "Wannan ƴar koyo ce, mun ma sallame ta. Rijiyar ta rufta."

"Ba ta rufta ba. Ni na auna ta da hannuna. Kwalaben da aka tura da sunanta ba ruwanta ba ne."

Mai depo ya ce a kira ƴan sanda, a tambayi yarinyar nan takardunta. Na ce a kira su, amma a buɗe rijiyar kafin su iso. Madam ta dube ni ta saman tabarau, ta daɗe, sannan ta juya ga Mushe Anatol ta ce ya kawo makulli. Ya lalube aljihu, ya ce ya manto shi a Kwatano.

Na juya na faɗa wa Arɗo da Hausa abin da ake ciki. Ya sauke gatarin da ke rataye a kafaɗarsa, ya tako har gaban Madam, ya nuna mata kwaɗon, ya nuna gatarin, ya jira. Ta ce, "Rijiyar a kan hanyar gwamnati take." Ta ɗaga masa kai. Ya sari kwaɗon da bayan gatari har ya fashe.

Na sa safa, na yage ledar gugar a gabansu don kowa ya ga sabuwa ce. Na zura ta a hankali, na ji ta taɓa, na bar ta ta nutse kaɗan, na jawo. Na ɗaga ta sama. Gazwal ya ƙaru a kan na wancan karo, ya cika kusan rabin kwaroron, ruwa na ƙasa, rana tana ratsa su duka. Warin ya kai har inda matan zango suke. Inna Dije ta rangaɗa guɗa. Madam ta karɓi gugar, ta shinshina, ta kira direbanta ya kawo nata kwalaben, ta ce ni in cika su. Na cika, kumfa ko ɗaya babu.

Ƴan sanda sun zo, sun kuwa tafi da ni. Na wuni a kan benci ana tambayata wa ya aiko ni. Da la'asar Madam ta buga waya aka sake ni, da sharaɗin in bar ƙasar tunda ban da izinin aiki. Na je biro karɓar takardata. Mushe Anatol yana zaune, fara'ar ta tafi. Ya ce in na rubuta cewa kuskure na yi, na ba shi haƙuri, zai ba ni takardata da albashina gaba ɗaya.

Na ce, "Ka riƙe. Takarda ce kake da ita, karatun yana wurina."

Na fita ban rufe masa ƙofa ba.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. An dakatar da tashin zango, an sa mai depo ya tono tankin da ya huje, an ce ya riƙa kai musu ruwa da mota. Inna Dije ta gaya mini a waya daga baya cewa motar takan zo, takan ƙi zuwa. Rijiyarta har yanzu ba a sha, kuma na san za a yi shekaru ba a sha ba. Arɗo ya tura rabin shanun wani wuri da ƴaƴansa. Kamfanin Mushe Anatol na ji yana nan yana aiki. Ranar da zan taso, mutanen zango ne suka haɗa mini kuɗin mota, har da saurayin da ya kira ni ƴar leƙen asiri, ko da yake bai dube ni ba lokacin da ya miƙo nasa. Mama Selestin ta raka ni tasha tana riƙe da jakata, ta ƙi ba ni sai da na shiga mota.

Na iso Mayahi, babban garin yankinmu, ranar kasuwa, ana tsakar girbi, amalanke cike da damman gero suna shigowa ta kowace hanya. Babana ya zo ɗaukata da moto, tsohon babur ɗinsa. Ya dube ni, ya ga na rame, ya ga babu tsaraba, bai tambaya ba. Sai da muka tsaya shan mai a wani tsohon gidan mai a bakin gari na ba shi labarin a taƙaice. Ya ce, "Da kin cika kwalaben nan da ƙarya, da ban ɗauke ki bisa moto na ba."

Muna tsaye na hango mata suna jan ruwa a wata rijiya bayan katangar gidan man, taku kaɗan daga inda tankunan suke. Na sauka na je na gaishe su, na roƙi guga. Na shinshina, na ɗanɗana na tofar. Wata ta ce tun bara suke jin ruwan wani iri, sai sun bar shi ya kwana a tulu. Mai gidan man, wani Alhaji mai ƙiba, ya taso daga kan kujerarsa.

"Ke ɗiyar wa ce? Mi kike nema a nan?"

Na ce, "Alhaji, ina wuni. Yaushe rabon da a duba tankunanka?"

Ya dubi babana ya ce, "Malam, ja ɗiyarka ku tahi."

Babana ya tada moto, ya gyara hularsa, ya ce, "Za mu tahi, Alhaji. Amma ka ba ta amsa, don na san halinta. Kasuwa mai zuwa za ta dawo da kwalabe."